Farar Riga Ɗaya, Ayyuka Daban-daban: Zaɓin da ke Gaban Matasan Dakoro

A ƙarshen watan Agusta, duk gidan likitar da mutum ya leƙa a ƙasar Dakoro da hantsi, abu ɗaya zai tarar. Mata zaune a kan tabarmi da benci, kowace da yaro a cinya ko a goye, jiki zafi rau. An kwance amalanken shanu da na jakai a bakin ƙofa, masu babura na jiran waɗanda suka ɗauko daga ƙauye. Gero ya fitar da kai amma bai isa yanka ba, rumbu ya yi ƙasa, sauro kuwa ya yi yawa. Lokacin ke nan da masassara da tamowa kan haɗu a jikin yaro guda.

A ciki, wani na ɗora yaro a sikeli. Wata na zagaya masa ma'aunin nan mai launi uku a damtse. Wani ya huda yatsa ya ɗiga jini a kan abin gwaji, wata na tagar magani tana ƙirga ƙwayoyi, wani dattijo na wanke daɓe da ruwan jabel. Uwar yaro duk "likita" take kiransu, alhali in ba a asibitin gunduma ba, da wuya a samu dokta ko ɗaya a cikinsu.

Waɗannan su ne ke riƙe da lafiyar karkara. Kuma aikinsu ne matasa da yawa ke hange duk shekarar da sakamakon birebe, jarrabawar kammala kwaleji, da na bak, jarrabawar da ke buɗe ƙofar jami'a, ya fito. Karatun dokta dogo ne, shekara bakwai zuwa takwas a jami'a, ba kowane gida ke iya jira ba. Sai a zauna a zaure a ce yaro ko yarinya su shiga "aikin likita". Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne: wanne daga ciki? Rigar ɗaya ce a ido, amma hanyar shiga, abin da ake samu, da inda aikin ke kai mutum bayan shekara goma sun sha bamban ƙwarai.

Ƙasa mai faɗi, ma'aikata kaɗan

Dakoro na arewa da Maraɗi, tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar mutane sama da dubu 600, yau kuwa sun ƙaru nesa ba kusa ba, domin binciken ƙasa na wannan shekarar ya nuna matsakaicin haihuwar mace a jihar Maraɗi ya zarce 8. Kudancin gundumar, wajen Kornaka da Sabon Mashi da Ɗan Gulbi, ƙasar noma ce mai garuruwa kusa da juna. Daga kwarin Tarka zuwa arewa, ta wajen Bermo da Gadabeji, ƙasar kiwo ce, inda Fulani da Abzinawa ke bin ciyawa da ruwa, kuma mai ciwo kan yi tafiyar yini kafin ya ga mai allura.

Tsarin lafiya a Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye. Sama da shi akwai cibiyar lafiya da ake kira CSI, wadda babban ma'aikacin jinya, wato majo, ke shugabanta. Sai asibitin gunduma a garin Dakoro, sai manyan asibitocin Maraɗi, sai na ƙasa a Yamai da Damagaram. Yawancin ƙananan ɗakunan ƙauye an gina su ne a zamanin shugaba Tandja Mamadu, a shirinsa na musamman da ya fara a 2001, kimanin dubu biyu a faɗin ƙasar. A 2006 aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, jama'a suka ƙara tururuwa. A 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi, ta ce haihuwa kyauta ce.

Gini ya ƙaru, masu zuwa sun ƙaru, ma'aikata ba su ƙaru daidai da haka ba. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa na buƙatar aƙalla dokta da ma'aikatan jinya da masu karɓar haihuwa 23 ga kowane mutum dubu 10. Nijar ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba, kuma ƴan kaɗan ɗin ma sun fi taruwa a birane. Har yanzu kusan rabin ƴan ƙasa sun fi kilomita 5 nesa da CSI mafi kusa. Don haka buƙata akwai ta. Matsalar ita ce buƙata daban, gurbin aiki mai albashi daban.

Ɗan gari mai jakar magani

Ƙofar da ta fi sauƙin shiga ita ce ta rele, wato ɗan gari ko ƴar gari da jama'a suka zaɓa da kansu, aka ba shi horon ƴan kwanaki ko ƴan makonni. Ba a neman babbar takarda, iya karatu da rubutu da yardar gari sun isa. A garuruwan da ke nesa da likita, rele na gwada jini don masassara, ya ba da magani, ya ba mai zawo ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, ya ƙirga numfashin yaron da ke tari. In yaro ɗan wata 2 zuwa 11 ya ja numfashi sau 50 ko fiye a minti guda, ko sau 40 in ya shekara, rele ya san ciwon ya sauka a huhu. In ma'aunin damtse ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, ya san babu zama, sai CSI. Da damina kuma, daga Yuli zuwa Oktoba, su ne ke bin gida-gida suna ba yara maganin rigakafin masassara wata-wata, aikin da aka fara a Nijar a 2013.

Aiki ne mai daraja, kuma babu shakka ya ceci yara masu yawa. Amma a faɗi gaskiya, ba sana'a ba ce. Abin da ake ba rele ɗan ihisani ne, bai kai ko kusa da mafi ƙanƙantar albashin ƙasa ba, wanda ya koma jika 42, wato sefa dubu 42, a 2024, kuma yakan makara. Ya dace da mai gona ko mai ƴar sana'a da ke zaune a garinsu, yake son yi wa danginsa hidima. Matashin da ya riƙe shi a matsayin tsani ya sani cewa shekara goma yana rele ba za ta zame masa takardar shaida ba.

ASB, wanda ake ɗora wa komai

Mai birebe da ke son aikin ya zama abin dogaronsa, hanyar da ta fi fitowa fili ita ce ta ASB, ma'aikacin lafiya na matakin farko. Karatun shekara 3 ne, a makarantar gwamnati ta ENSP da ke Damagaram ko ta Yamai mai ɗauke da sunan Damure Zika, ko a ɗaya daga makarantun kuɗi da suka yawaita a Maraɗi da sauran manyan garuruwa. Ana koya masa wani abu daga kowane fanni: jinya, allura, rigakafi, awon ciki, karɓar haihuwar da ba ta zo da matsala ba, tsafta, da cike rajista. A ƙarshe kowa, ɗan makarantar gwamnati da ɗan ta kuɗi, jarrabawar ƙasa guda suke zaunawa.

Abin da makaranta ba ta iya nuna wa ɗalibi shi ne yadda yini ke kasancewa in aka tura shi ƙauye shi kaɗai. Da asuba zai duba firjin allurai mai aiki da hasken rana, ya tabbata sanyin na tsakanin 2 da 8, ya rubuta. Da hantsi ya ga marasa lafiya, wani lokaci hamsin ko fiye in damina ta yi tsakiya. Ranar fita, ya ɗaure akwatin sanyi a bayan babur ya bi rairayi zuwa rugage. Da tsakar dare a buga masa ƙofa, mace na naƙuda tun jiya, ko maciji ya sari manomi. A nan babu wanda zai juya ya tambaya. Shi zai yanke cewa wannan ta fi ƙarfinsa, ya kira ambulans daga Dakoro, ya kuma shawo kan maigidan da ke lissafin kuɗin mai. Ƙarshen wata ya zauna da fitila yana haɗa rahoto.

Wanda ya iya ɗaukar wannan, ya sami sana'ar da za a neme shi da ita ko'ina, a gwamnati, a asibitin kuɗi, a ƙungiyoyi. Akwai kuma damar komawa makaranta bayan wasu shekaru na aiki, a hau mataki na gaba. Wanda kuwa jini ke sa shi jiri, ko ba ya jure rashin barci, gara ya gane haka kafin mahaifinsa ya sayar da sa.

Mai bak na da zaɓi mafi faɗi: lasisin jinya, ko na karɓar haihuwa, ko na gwaje-gwajen labo, kowanne shekara 3. Shawarar da ma'aikata da yawa ke ba yaron da ke da ƙoƙari a aji ita ce ya daure ya kai bak tukuna, domin bambancin matsayi da albashi tsakanin mai birebe da mai bak yana bin mutum har ritaya.

Ɗakin haihuwa

A ƙasar da mace ke haihuwa sau bakwai ko takwas, kuma da yawa ke yin cikin fari tun ba su gama girma ba, babu ma'aikacin da ake ƙishirwarsa kamar sajfam, wato wadda ta yi karatun karɓar haihuwa. Asibitin yoyon fitsari da aka buɗe a Danja, kusa da Maraɗi, a 2012, cike yake da shaidar abin da doguwar naƙuda ke yi in babu mai sani a kusa. Magidanta da yawa a ƙauye ba sa yarda namiji ya duba matansu, don haka CSI da ba ta da mace, mata kan ƙaurace mata har sai abu ya ɓaci.

A nan ake yawan cakuɗa abubuwa biyu. Sajfam mai takarda ce, ta yi karatun shekaru. Ungozoma kuwa dattijuwar gari ce da ta gaji aikin ko ta koya da hannu, kuma tsarin yanzu ya mayar da aikinta rakiya: ta gane mai ciki, ta kawo ta likita da wuri, ta taimaka da wanka da kula da jariri. Yarinyar da aka kai ɗakin haihuwa "ta koyi aiki" ba tare da makaranta ba, komai ƙwarewar hannunta, a takarda mai taimako ce kawai, kuma ranar da aka zo ɗaukar ma'aikata ba za a kira sunanta ba.

Madarar dare

Dakoro na da wani fanni da ba kowace gunduma ke da shi da wannan girman ba. A yunwar 2005, ƙungiyar likitocin MSF ta buɗe cibiyar kula da masu tamowa a garin, daga baya ALIMA da abokiyar aikinta ta gida, BEFEN, suka ci gaba da tallafa wa gundumar. Wannan ya samar da ayyuka ga ƴan gari: masu awo, masu haɗa madara, masu wayar da kan iyaye, masu tsafta.

A CRENI, inda ake kwantar da yaran da tamowa ta haɗe musu da wani ciwo, mai taimakon abinci ne ke auna madarar F-75 daidai da nauyin kowane yaro, a ba shi duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana. Yaron da ya kasa haɗiya, ta siririn tiyo ake zuba masa ta hanci. Ƙarfe ukun dare, uwa ta gaji ta yi barci, mai taimakon ne zai tashe ta a hankali, ya riƙe kofi, ya tsaya har yaron ya shanye, ya rubuta abin da ya sha da abin da ya amayar. In aka tsallake shan madara sau ɗaya, sukarin jinin yaron na iya faɗuwa. Ban san wani aiki da ya fi wannan neman haƙuri da tausayi ba.

Albashin ƙungiyoyi yakan fi na gwamnati, shi ya sa matasa ke rububinsa. Sai dai aikin kwantaragi ne, wani ma na watannin damina kawai, kuma yana tafiya ne da kuɗin masu ba da tallafi. A 2025, da Amurka ta janye mafi yawan taimakonta na waje, ayyukan lafiya da yawa a Afirka sun tsaya cak. Wanda ya shiga da takardar ASB ko ta jinya, in shirin ya rufe zai nemi wani wuri. Wanda ya shiga da ƙwarewar hannu kaɗai, gida zai koma.

Akwai sauran ƙofofi da ba a cika kulawa da su ba. Mai riƙe da kantin magani da karɓar kuɗi a CSI aikinsa lissafi ne da amana, ya dace da wanda ya iya alƙalami amma ba ya son taɓa rauni. Jami'in tsafta ba a tunawa da shi sai annoba ta zo, kamar kwalarar da ta afka wa jihar Maraɗi a 2018. Direban ambulans da ya san hanyoyin rairayi da dare, rayuka da yawa na hannunsa. Masu share ɗakuna da wanke kayan aiki su ne ke tsare majinyaci daga ɗaukar wani ciwon a kan wanda ya zo da shi, kuma su aka fi rainawa, abin da bai kamata ba ko kaɗan.

Shekarun sa kai

Babban ramin da matasa ke faɗawa yana bayan kammala karatu. Makarantun kuɗi na yaye ɗalibai duk shekara, gwamnati kuwa ba kowace shekara take ɗaukar ma'aikata ba, in ta ɗauka ma yawanci da kwantaragi ake farawa, lambar zama cikakken ma'aikaci sai an jira. Masu lasisi kan samu shiga bautar ƙasa ta shekara 2. Sauran sai su je wurin majo su roƙi a bar su suna aikin sa kai, don kada hannu ya manta, kuma don a san da su.

Wata shida na sa kai makaranta ce. Shekara biyar kuwa zalunci ne, ko da babu wanda ya yi niyyarsa. Mutum na aiki cikakke, yana kwanan gadi, ba ya da ko dala a ƙarshen wata sai abin da aka ɗan miƙa masa ranar rigakafi. Daga nan ne ake fara jin ƙorafin karɓar na goro a hannun majinyata da sayar da magani a ɓoye. Masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun fitar da bincike a 2003 kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, inda suka nuna yadda aiki ke zamewa daga hannun mai takarda zuwa hannun wanda ba a horar ba, har mai shara ya koma yin allura. Majo da ke shi kaɗai da layin mutum ɗari zai ce ba shi da yadda zai yi, kuma yana da gaskiyarsa. Ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SUSAS ta sha kokawa kan jinkirin biyan ƴan kwantaragi da ƙarancin ɗaukar aiki. Hukumomi kuma na cewa aljihun gwamnati ba zai ɗauki kowa lokaci guda ba. Tsakanin waɗannan maganganu, matashin ne ke tsufa da farar riga babu albashi.

Iyaye na da nasu lissafin. Kuɗin makarantar kuɗi ɗaruruwan jikkuna ne a shekara, ban da haya da abinci a Maraɗi, ban da kayan aiki. Manomin Birnin Lalle ko Ajekoriya da ya sayar da dabbobi ya biya wannan yana sa ran gani a ƙasa. Ga ƴa mace kuma akwai maganar aure: wasu mazan na son mace mai aikin likita amma ba sa son kwanan gadi, ba sa kuma yarda a tura ta ƙauye. Shi ya sa ake ganin sajfam sun taru a birni, CSI ta daji babu ko ɗaya. Wannan magana ce da ya kamata a yi ta a fili tun wajen neman aure, kada a bari sai takardar tura aiki ta fito.

Wasu kan tsallaka Najeriya, makarantun koyon aikin lafiya irin na Kankiya da Daura a jihar Katsina. Karatu ne mai kyau, amma tsarinsu daban ne, da Ingilishi ake yi, kuma takardar sai an nema mata amincewar hukumomin Nijar kafin ta yi aiki a gida.

Abin da ya kamata a duba

A ganina, abu biyu ne ke raba wanda zai ci moriyar wannan hanya da wanda zai yi da na sani. Na farko takardar da ƙasa ta sani. Kafin a biya ko jika ɗaya, a je ofishin lafiya na gunduma ko na jiha a tambaya ko makarantar na da izini, a tambayi ɗalibanta nawa suka ci jarrabawar ƙasa bara, a kuma ga asibitin da take tura su koyon aiki. Makarantar da ɗalibanta ke cunkushe su ashirin a kan majinyaci ɗaya ba za ta fitar da mai hannu ba.

Na biyu shi ne yarda da zaman ƙauye. Layin masu neman aiki a Maraɗi dogo ne, a arewacin Dakoro kuwa wurare na neman mai zama. A nan ɗan ƙasa ya fi baƙo dama. Karatu da Faransanci ake yi, amma ciwo da Hausa ake faɗarsa, ko da Fillanci, ko da Tamashek. Yarinyar da ta tashi a ruga, ta yi birebe, ta zama ASB, za ta ji abin da mace Bafillata ke nufi tun kafin ta gama magana, kuma za a bar ta ta shiga inda ba a barin kowa.

Kafin a yanke shawara, yana da kyau matashi ya nemi izinin majo ya yi mako guda yana kallo a CSI da damina, har da kwana ɗaya na gadi. Wani zai fito ya ce labo yake so, wani ya ce kantin magani, wata ta ce ɗakin haihuwa ko ba komai, wani kuma ya gane cewa aikin nan ba nasa ba ne, ya nemi wata hanya tun kuɗin gida na nan.

Su ma ƙananan hukumomin gundumar na da abin yi. Kowace kwamin ta san CSI ɗinta da ba ta da mace, ta kuma san ƴan matan garuruwanta da suka ci birebe suka zauna a gida don rashin kuɗi. In kwamin ta ɗauki nauyin karatun biyu ko uku daga cikinsu, da yarjejeniya a rubuce cewa za su dawo su yi wasu shekaru a garinsu kuma za a biya su, an rage wa iyaye nauyi, yarinya ta san inda za ta tun ranar da ta shiga aji, matan garin kuma sun sami wadda za su kira da dare.